Yadda Maharban Amurka Suka Koyi Yaren Talotalo

Duk wanda ya daɗe a nan Sabo ya san yadda kasuwar talotalo ke tashi idan Kirsimeti ta ƙarato. 'Yan'uwanmu fatake kan ɗauko su daga gida cikin kwanduna a bisa motocin shanu da na tumatir, kafin ka ce kwabo an wawashe. Saboda sabo da muka yi da shi, da yawa daga cikinmu sun ɗauka talotalo tsuntsun gida ne tun fil azal, kamar kaza ko agwagwa. To ba haka abin yake ba. Asalinsa nahiyar Amurka ne. Mutanen ƙasar Meziko ne suka fara kiwonsa, daga nan Turawan Sifen suka kwashe shi zuwa Turai wajen shekarun 1520, kafin ya bazu har ya iso gare mu. Ɗan'uwansa na daji kuwa yana can har gobe a dazuzzukan Amurka, kuma shi ne muke so mu ba da tarihin farautarsa a wannan fitowa.

Kada mai karatu ya auna na daji da wannan namu mai tafiyar ƙasaita da ko yaro ya bi shi sai ya kama. Na daji siriri ne, ga dogayen ƙafafu, yana gudu kamar kilomita 40 a awa, yana kuma tashi sama da ƙarfi ko da yake ba ya yin nisa. A kan bishiya yake kwana. Idonsa kuwa ba a magana, motsin ɗan yatsa kaɗai ya isa ya watsa wa maharbi wahalar yini guda. Tunda bin sawunsa ɓata lokaci ne, dabarar da ta rage ita ce a zauna wuri ɗaya a kira shi ya zo da ƙafarsa.

A nan ne gizo ke saƙar. Lokacin barbararsu yana faɗowa ne daga watan Maris zuwa Mayu, wato bayan sanyi ya wuce a can, itatuwa sun fara toho. Da asuba namijin zai yi ta rangaɗa kukansa daga kan reshe, kukan da akan jiyo daga nisan mil guda idan babu iska. A al'adarsu mace ce take bin wannan kuka ta je ta same shi, shi gogan yana tsaye ya baza wutsiya yana taƙama. Maharbi kuwa so yake ya juya al'adar: ya yi kukan mace har namijin ya ƙosa ya tako ya zo nemanta. Shi ya sa sau da yawa talotalo kan taho har ya kusa, sai ya ja ya tsaya can inda harsashi ba ya kaiwa, yana jiran amarya ta ƙaraso. Tsofaffin maharba suka ce maganin wannan shi ne ka yi shiru, ko ka ɗan karci busassun ganyaye da hannu kamar mace na tono, ka bar shi da zulumi.

Wannan hikima ba Turawa suka ƙago ta ba. Mutanen ƙasar na asali, waɗanda Turawa suka laƙaba wa suna Indiyawa, sun daɗe suna yin abin kira da ƙasusuwan fiffiken talotalon kansa. Akan fasa bakin ƙasusuwan, a rarake ɓargon, a zura ƙarami cikin babba. Ba busawa ake yi ba, tsotsa ake yi kamar mai kiran akuya da leɓe, sai sautin ya fito sak na mace. Masu tonon kayan tarihi sun sami irin waɗannan ƙasusuwa masu shekaru dubbai a wani wuri da ake kira Eva cikin jihar Tennessee.

Da Turawa suka cika ƙasar, sai aka shiga yi wa talotalo kisan kiyashi, kuma galibi ba da kira ba. Akan zuba masara a jere cikin rami, tsuntsaye su jeru suna ci, a buɗe musu wuta gaba ɗaya. Akan gina musu tarko na gungume wanda ke kama garke guda. Akan bi su da dare a harbo su daga inda suke kwana. Duk a kai kasuwa. Ga kuma sare dazuzzuka domin noma da katako. Jihar Connecticut ta rabu da talotalonta na daji wajen 1813, Vermont wajen 1842, Massachusetts kuma a 1851. Kafin 1920 jihohi 18 daga cikin 39 da aka san shi a cikinsu sun wayi gari babu ko ɗaya. A shekarun 1930 wasu sun ƙiyasta abin da ya rage a ƙasar duka bai wuce 30,000 ba, wasu masanan kuma suka ce ya fi haka. Ko ma wanne ne, tsuntsun da a da ake lissafa shi da miliyoyi ya koma sai a lungunan fadamu da duwatsu.

Abin mamaki shi ne, a daidai wannan zamani na ƙarancin tsuntsu ne sana'ar kayan kira ta bunƙasa. Ragowar talotalon sun zama masu wayon tsiya, sai gwani ke samunsu. A 1897 wani mutumin garin Dardanelle a jihar Arkansas mai suna Henry Gibson ya yi wa wani ɗan akwatin katako rajista a hukuma. Akwatin dogo ne kamar gidan fensir, da marfi mai lilo. Idan aka shafa alli aka goga marfin a bakin akwatin sai ya ba da kukan mace. Har yau irinsa ne aka fi ba sabon shiga, don ba ya da wuyar koyo. A 1914 aka buga littafin da E. A. McIlhenny ya tsara daga rubuce-rubucen wani shahararren maharbi, Charles Jordan, wanda ya zama tamkar jagora ga masu wannan farauta. Daga baya mutane irin su Tom Turpin na Memphis da M. L. Lynch na jihar Alabama suka yi suna wajen ƙera kayan kira, har yanzu masu tara kayan tarihi na rububin aikinsu. Akwai kuma faifan dutsen allo da ake karta da ɗan tsinke, da wata 'yar siririyar roba da ake maƙalawa a ganɗa. Ita wannan ta ƙarshe ta fi wuya, sai mutum ya yi makonni yana damun mutanen gida kafin ya iya, amma amfaninta shi ne hannu biyu na kan bindiga, babu motsin da zai tona asiri.

Farfaɗowar talotalo ta faro ne daga kuɗi. A 1937 majalisar Amurka ta yi dokar da ake kira Pittman-Robertson, wadda ta ce harajin da ake karɓa a kan bindigogi da harsasai a mayar da shi ga jihohi domin kula da namun daji. Wato maharbi da kansa ke biyan kuɗin raya abin da yake harbi. Da farko an yi asara mai yawa, domin an yi ta ƙyanƙyashe talotalo a keji ana sakinsu a daji, su kuwa ba su san dawan garin ba, yanyawa da sauran namun daji suka yi ta biki da su. Ashe wayon daji uwa ce ke koya wa 'ya'yanta. Sai a 1951 wani jami'i mai suna Herman Holbrook ya yi nasarar kama na daji da rai a dajin Francis Marion na jihar South Carolina, ta hanyar harba musu babbar raga da ƙananan igwa yayin da suke cin hatsi. Daga nan aka shiga kama su inda suke da saura ana kai su inda suka ƙare. Vermont ta karɓo guda 31 daga jihar New York a 1969 da 1970, Massachusetts ta karɓo 37 a farkon shekarun 1970. Jihar Wisconsin kuwa musaya ta yi irin ta fatake: daga 1976 ta riƙa ba jihar Missouri wani tsuntsu mai kama da fakara, ana ba ta talotalo. A 1973 aka kafa ƙungiyar National Wild Turkey Federation, lokacin ana ƙiyasin akwai miliyan 1.3. Zuwa farkon shekarun 2000 sun kusa miliyan 7, ana farautarsu a kowace jiha ban da Alaska.

Da tsuntsu ya dawo, sai aka ɗaure hannun maharbi da doka. A farautar wannan lokaci na barbara mai gemu kaɗai ake harbi, wato namiji, wanda ke da wani tuntun gashi a ƙirji. Hikimar ita ce namiji ɗaya kan bi mata da dama, don haka in an ɗauke shi bayan barbara ba a taɓa ƙwai 10 zuwa 12 da kowace mace za ta kwanta a kai har kwana 28 ba. Yawancin jihohi sun hana zuba hatsi, sun hana kiran da aka ɗauka a na'ura. An ƙayyade wa kowa adadi, galibi ɗaya zuwa uku a shekara. Abin da ya rage wa mutum shi ne bakinsa da haƙurinsa. Kafin gari ya waye zai yi kukan mujiya, da rana kuma na hankaka, don namijin talotalo ba ya iya jin ƙara bai amsa ba, da ya amsa kuwa ya faɗi inda yake.

Talotalon roba da ake kafawa a fili sabon abu ne idan aka kwatanta da kira, sai a 'yan shekarun baya-bayan nan ya zama ruwan dare. Akan kafa mace a gaban maharbi kamar taku 20, sau da yawa a ajiye ɗan saurayin namiji kusa da ita. Babban namiji na hango yaro ƙarami tare da mace sai kishi ya rufe masa ido, ya taho da gudu zai yi faɗa. Akwai tsofaffin maharba da har yau suke ganin wannan ragwanci ne, kuma mu ma mun fi karkata gare su, domin abin da ake yi da sanin yaren tsuntsu ya koma abin da ake saya a kanti.

Mu dai wannan dabara ba baƙuwa ba ce gare mu. Wanda ya tashi a karkara a gida ya san maharbi mai burtu: ya ɗaura kan burtu mai dogon wuya a goshi, ya yafa baƙin zane, ya yi rarrafe cikin ciyawa yana gyaɗa kai kamar tsuntsun na kiwo, har ya kusanci barewa ba ta ankara ba. Maharban Amurka ma sun fito da irin wannan, suna rarrafe a bayan bazazziyar wutsiyar talotalo. Sai dai su a dajinsu akwai wasu maharban da ke zaune da bindiga suna jiran ganin wannan wutsiya, shi ya sa wasu jihohi suka haramta yin hakan. Saboda wannan dalili ne kuma ake gargaɗin kada mai farautar talotalo ya sa ja ko fari ko shuɗi, don su ne launukan kan namijin. Bambancinmu da su shi ne mai burtu namu bai sami wata doka da ta tanada masa barewar da zai bi ba, yau a wurare da yawa kan burtun ya koma kayan hawan salla da na gidan tarihi.

Su ma can ba a gama ba. Tun bayan shekarun 2000 adadin talotalo ya sake ja da baya, musamman a jihohin kudu maso gabas, inda 'yan tsakin da ke rayuwa suka ragu. Masana na duba lalacewar wuraren sheƙa, da yawaitar dabbobi masu shan ƙwai, da kuma harbe manyan maza tun kafin su gama barbara. Jihohi irin su Georgia da Alabama da Tennessee sun jinkirta ranar buɗe farauta, sun kuma rage adadin da aka yarda mutum ɗaya ya harba.