Tarihin Karatun Aikin Jarida a Jami'a da Matsayin Hausawan Agege

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda karatun aikin jarida da sadarwa ya shiga jami'o'in Nijeriya, tare da duba matsayin Hausawan Ikko, musamman na Agege, a cikin wannan tarihi. Dalilin zaɓar Agege shi ne, unguwa ce ta Hausawa da ke kusa da manyan gidajen jarida da makarantun koyon aikin. Amma duk da wannan kusanci, harshen da mazaunanta ke sauraron labari da shi daban ne da harshen da ake koyar da aikin da shi.

2.0 Zaman Hausawa a Agege

Fatauci ne ya zaunar da Hausawa a Agege. Hanyar jirgin ƙasa daga Ikko zuwa Ibadan, wadda aka buɗe a 1901, ta ratsa garin, sannan ta isa Kano a 1911. A farkon ƙarni na ashirin manoman yankin sun dasa goro da yawa, sai fataken da a da suke shafe watanni a hanyar Gwanja suka samu kasuwa a bakin tasha. Daga nan zango ya kafu da sarkinsa da limamansa da makarantun allo, cinikin shanu kuma ya biyo baya. A wancan zamani labarin gida yana zuwa ne ta bakin fatake da wasiƙun ajami da ake ba wa matafiya.

Daga baya aka samu wasu hanyoyi. An fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, Abubakar Imam na editanta. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, Muryar Amurka kuma ta buɗe nata sashen a 1979. Saboda haka Bahaushen Agege ya saba da jin abin da ya faru a bayan gidansa ta hanyar Landan ko Kaduna.

3.0 Shigar Karatun Cikin Jami'a

Aikin jarida ya girmi karatunsa a Nijeriya da fiye da shekara ɗari. Henry Townsend ya fara buga Iwe Irohin a Abekuta a 1859, Daily Times ta fito a Ikko a 1926, West African Pilot ta Nnamdi Azikiwe kuma a 1937. Mafi yawan waɗanda suka yi aiki a waɗannan gidaje a bakin aiki suka koya, kamar yadda yaron maƙeri ke koyo a gindin uwar maƙera.

Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka ce ta fara mayar da aikin fannin digiri a 1961, lokacin da ta buɗe Kwalejin Jackson, wadda ta ci sunan iyalin da suka mallaki jaridar Lagos Weekly Record. Tsarin Amurka aka ɗauko, inda ɗalibi ke haɗa darussan rubuta labari da na tarihi da siyasa da zamantakewa. A 1966 Jami'ar Legas ta kafa cibiyar koyar da sadarwa a Akoka da taimakon hukumar UNESCO, wadda daga bisani ta zama sashe. A shekarun 1970 Farfesa Alfred Opubor ya jagoranci sashen, kuma yana cikin waɗanda suka dage cewa nazarin sadarwa a Afirka bai cika ba sai ya haɗa da hanyoyin gargajiya na isar da saƙo. Wannan ra'ayi ya shafe mu kai tsaye, domin sanƙira da maroƙi da mai shela duk ma'aikatan sadarwa ne tun kafin zuwan maɗaba'a.

Ban da jami'a, akwai Cibiyar Koyon Aikin Jarida ta Nijeriya, wadda aka assasa a 1963, take kuma ba da difloma. Mazauninta yana Ogba, maƙwabciyar Agege. A Arewa, Jami'ar Bayero ta Kano ta buɗe sashenta a 1978, Jami'ar Maiduguri ta biyo baya a farkon shekarun 1980. Ke nan tsakanin Nsukka da Kano akwai ratar shekara 17, kuma a cikin wannan rata ne aka horar da rukunin farko na masu digiri da suka riƙe ɗakunan labarai na ƙasar.

4.0 Sauye-sauyen da Suka Biyo Baya

Dokar soja mai lamba 38 ta 1992 ta ba 'yan kasuwa damar mallakar gidajen rediyo da talabijin. A 1994 Raypower ta fara watsa shirye-shirye daga Alagbado, ba nisa da Agege, kuma buƙatar ma'aikata masu horo ta ƙaru. Jami'ar Legas ta samu lasin gidan rediyon ɗalibai a 2002, wanda ya ba su damar gwada aiki tun suna aji. A 2007 Rediyon Faransa ya buɗe sashen Hausa a cikin birnin Ikko, abin da ya nuna cewa ana iya cin abinci da Hausa a bakin teku. A 2020 kuma Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta raba fannin zuwa digiri 7, ciki har da aikin jarida, watsa shirye-shirye, talla, hulɗa da jama'a da fim.

5.0 Matsalar Harshe

Abin da bai sauya sosai ba shi ne harshen koyarwa. Da Ingilishi ɗalibi ke koyon tsara kanun labari da yin hira da tace rubutu. Wanda zai yi aiki da Hausa, sai ya koyi fassarar labari da daidaitacciyar ƙa'idar rubutu a sashen harsuna ko a bakin aiki, wato ya koma inda magabatansa suka fara.

Illar wannan takan fito fili a lokacin tashin hankali. A rikicin kasuwar Mile 12 na Nuwamba 1999 da na Idi-Araba na Fabrairu 2002, an yi asarar rayuka da dukiya, kuma yadda aka ba da labarin yana da tasiri a kan abin da zai iya faruwa a garuruwan Arewa. Wakilin da ba ya jin Hausa tilas ya dogara da tafinta ko bayanin hukuma, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Haka nan wakilin da ya zo daga Arewa, bai san Yarbanci ba, rabin zance zai kai gida. Ɗan Agege kuwa ya tashi da Hausa a gida, Yarbanci a kasuwa, Ingilishi a makaranta. Wannan baiwa ce da ba a samun ta a aji, sai dai aji ya gyara ta.

6.0 Kammalawa

An nuna cewa karatun aikin jarida ya shiga jami'a a 1961, ya iso Ikko a 1966, ya kai Kano a 1978, kuma a duk waɗannan matakai Hausa ta fi zama harshen sauraro a kan harshen horarwa. Rabuwar fannin ta 2020 dama ce ta gyara. Ya kamata sassan sadarwa su haɗa kai da sassan harsunan Nijeriya su tsara darussan rubuta labari da watsa shi da Hausa, kuma a tura ɗalibai gwajin aiki a unguwanni irin su Agege da Idi-Araba. Attajiran zango da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su ma suna da rawar takawa, ta hanyar ɗaukar nauyin 'ya'yansu maza da mata su karanci wannan fanni. Al'ummar da ta shekara ɗari a wuri ta cancanci samun masu ba da labarinta daga cikinta.