Kamashon gidan caca a wasan Poker

A wasan karta na Poker, 'yan wasa junansu suke ci, ba gidan caca ba. To ta ina gida yake samu? Ta kamasho, wanda Turawa ke kira rake. Kamar la'adar dillali ce a kara, sai dai dillali sau ɗaya yake karɓa in ciniki ya faɗa, shi kuwa gida kusan kowane zagaye sai ya yanki nasa.

Yawanci ana cire kashi 2.5 zuwa 10 cikin ɗari na kuɗin da aka zuba a tsakiya, amma akwai iyakar da ba a wucewa. Shi ya sa masu ƙananan kuɗi suka fi ji a jikinsu, don nasu bai cika kaiwa iyakar ba, cikakken kaso ake yanka musu.

A ce mutum shida kowa ya zo da naira 50,000, jimla 300,000. In ana zagaye 30 a awa, kowane zagaye ana cire naira 500, gida ya kwashi 15,000. Cikin awa goma rabin kuɗin ya tafi.

Ke nan ko gwani ne, sai abin da ya ci ya zarce kamasho kafin ya ga riba. In ƙwarewarsu ɗaya, a ƙarshe dukkansu da asara za su tashi. Ga shi kuma addini ya haramta caca.