Rangwamen intanet: ma'auninsa a kasuwar Gaya

Rangwame, ko "promo" kamar yadda masu talla a Facebook da WhatsApp ke rubutawa, shi ne bambanci tsakanin tsohon farashi da aka soke da sabon da aka sa. Sai dai mai sayarwa ne ke rubuta tsohon farashin da hannunsa. Wani kan ƙara kuɗin kaya kwanaki kaɗan kafin Black Friday na watan Nuwamba, sannan ya sauko da shi inda yake tun farko. Don toshe wannan kafa, tun watan Mayun 2022 doka a Faransa ta ce farashin da aka soke dole ya zama mafi ƙanƙanta da aka sayar da kayan cikin kwanaki 30 da suka gabata.

A Gaya, cikin jihar Doso, lissafin ya fi haka tsawo. Kayan da aka gani da naira, ta Kamba suke shigowa, kuma darajar naira tana hawa da sauka tun da aka sake ta a watan Yunin 2023. Na Kotono kuwa, tun rufe gadar Malanbil bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sai kwalekwale ya tsallako da su, da kuɗin dako a kowace gaɓa.

Misali: wayar jika 60 da aka sauke zuwa jika 45, in mota da duwan da canji suka ci jika 10, ta tashi 55. In irinta tana jika 52 a kasuwar gari, inda ake kunnawa a gani kuma a yi ciniki, mai oda ya yi asarar jika 3, ban da jira.