Ƙiyasin fentin ɗaki

Ƙiyasin fentin ɗaki shi ne lissafin da ake yi kafin a fara aiki domin a san yawan fentin da bango da silin za su ci. Ana dogara da abubuwa uku: faɗin wurin da za a shafa, sau nawa za a shafa shi, da kuma faɗin da lita ɗaya ke rufewa. A birnin Sakkwato akan buƙaci wannan lissafi musamman gab da Sallah da lokacin gyaran ɗakin amarya. Kalmar fenti aro ce daga Turanci. A karin harshen Sakkwato, inda ake cewa hita maimakon fita, akan ji ana furta ta henti.

Ma'auni

A Najeriya ana sayar da fentin gida a mazubi biyu: galan mai lita 4 da babban bokiti mai lita 20. Wannan galan ba ɗaya yake da na Amurka ba, wanda ke da lita 3.8, ko na Ingila mai kusan lita 4.5, don haka lissafin da aka kwafo daga shafukan intanet na ƙasashen waje yakan saɓa. Magina suna auna ɗaki da ƙafa, kamfanonin fenti kuma suna rubuta bayaninsu da murabba'in mita. Ƙafa ɗaya kusan mita 0.3 ce.

Yadda ake lissafi

Ana haɗa tsawon bango huɗu, a ninka da tsayin ɗakin, sannan a cire ƙofa da tagogi. Abin da ya rage sai a ninka shi da yawan shafi, a raba da abin da lita ɗaya ke rufewa. Fentin ruwa mai kyau yakan rufe kimanin murabba'in mita 10 da lita ɗaya a bango mai santsi.

Misali, ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da 12 faɗi yana da mita 3.66 a kowane gefe, kewayensa mita 14.6 ke nan. Idan tsayinsa mita 3 ne, bangon ya kai murabba'in mita 44. Ƙofa mai mita 0.9 da 2.1 tana ɗauke kusan 2, tagogi biyu masu mita 1.2 kowane gefe suna ɗauke kusan 3, saura 39. Shafi biyu ya zama 78, wato lita 7.8, galan biyu ke nan. Silin ɗin ɗakin murabba'in mita 13.4 ne, shafinsa biyu zai ci kusan lita 3, kuma akan lissafa shi daban saboda yawanci fari ake sa masa.

Abubuwan da ke canza lissafi

Adadin da ke jikin bokiti na bango ne mai santsi wanda aka taɓa yi wa fenti. Sabuwar filastar siminti tana shan fenti sosai a shafin farko. Idan lita ta koma tana rufe murabba'in mita 7 kawai, ɗakin da ke cikin misalin zai ci lita 11 maimakon 8, galan biyu sun zama uku. A nan ne akasarin ƙiyasi ke rushewa, kuma nan ne saɓani tsakanin mai gida da mai fenti kan fara. Shi ya sa ake fara shafa fentin share fage, ko a lailaye bangon kafin a sa kalar da ake so. Fenti mai gurza-gurza da ake yi wa bayan gida yana cin ninkin na ruwa sau da yawa. Rufe kala mai duhu da mai haske kuma kan buƙaci shafi na uku.

Yanayin Sakkwato ma yana da tasiri. Daga watan Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40, fenti yana saurin bushewa a kan rola da bakin bokiti, don haka masu aiki kan fi son safiya. Da hunturu ƙura na kwanciya a bango, idan ba a goge ta ba fentin ba zai kama da kyau ba. Wasu kan ƙara ruwa fiye da yadda kamfani ya ƙayyade domin fentin ya isa. Wannan ba tattali ba ne, domin siririn shafi yana nuna abin da ke ƙarƙashinsa, sai an sake bi.

Gidajen ƙasa na tsofaffin unguwanni ba sa bin wannan lissafi, saboda bangonsu bai miƙe ba kuma yana shan ruwa. A al'adance farar ƙasa ake shafa musu, wadda ake jiƙawa gwargwadon buƙata.

Saye

Akan ƙara kashi 10 cikin ɗari a kan abin da lissafi ya bayar saboda zubewa da gyare-gyare. An fi so a sayi fentin a lokaci guda, domin kala mai suna ɗaya kan ɗan bambanta daga wannan haɗi zuwa wancan, kuma bambancin yana fitowa fili idan fenti ya ƙare a tsakiyar bango. Idan buƙata ta kai galan huɗu, akan gwada farashinsu da na bokiti mai lita 20, wanda litarsa ta fi araha a yawancin lokuta. Ƙofofin ƙarfe da tagogi fentin mai ake yi musu, kuma lissafinsu daban yake da na bango.