Makarantar Sidwell: Daga Ɗakin Ibada Zuwa Zaɓin Shugabannin Amurka

A shekarar 1883 wani matashin malami mai suna Thomas Sidwell ya buɗe makaranta a birnin Washington da ɗalibai goma sha ɗaya. Ko gini nasa na kansa ba shi da shi. A harabar ɗakin ibadar 'yan ɗarikar Quaker da ke titin I Street, 'yar tafiya kaɗan daga Fadar White House, ya fara karantarwa, ya raɗa wa makarantar suna Friends' Select School. Yau ɗalibanta sun haura dubu, maza da mata, daga ajin renon yara har ƙarshen sakandare, kuma har gobe makarantar jeka-ka-dawo ce: yaro ya zo da safe, ya koma gidan iyayensa da yamma.

Ba za a gane wannan makaranta ba sai an san mutanen da ta jingina da su. Ɗarikar Quaker ta ɓulla ne a Ingila a tsakiyar ƙarni na 17, ƙarƙashin wani mai wa'azi, George Fox. Kiristoci ne, amma sun saɓa wa cocin zamaninsu a abu guda mai girma: sun ce akwai hasken Ubangiji a zuciyar kowane ɗan Adam, don haka babu buƙatar wani limami ya shiga tsakani. Daga nan sauran halayensu suka tsiro. Ba sa cire hula don girmama basarake, ba sa rantsuwa a kotu domin a ganinsu maganar mutum ɗaya ce ko da rantsuwa ko babu, ba sa ɗaukar makami. Sun sha ɗauri a kan haka. William Penn, wanda ya sami izinin kafa Pennsylvania a 1681, ɗaya ne daga cikinsu, kuma a wannan yanki ne, a Germantown, wasu 'yan ɗarikar suka rubuta takardar ƙin cinikin bayi tun 1688. Zuwa 1776 babban taronsu na Philadelphia ya haramta wa mabiya mallakar bawa.

Abin da ya rage a fili na wannan gado a Sidwell shi ne zaman shiru na mako-mako. Ɗalibai da malamai sukan taru su zauna tsit, babu mai jan ragama, babu huɗuba. Wanda ya ji wata magana ta cika masa zuciya sai ya miƙe ya faɗa, ya koma ya zauna, shirun ya ci gaba. Ɗan ƙaramin aji da shugaban makaranta haƙƙinsu ɗaya a wannan zama. Kaɗan ne ƙwarai daga cikin ɗaliban suke 'yan Quaker. Akwai Yahudawa, da Musulmi, da Kiristocin wasu ɗariku, da waɗanda ba su da addini, kowa kuma yana halarta. Makarantar tana bayyana manufarta da abubuwan da ɗarikar ta daɗe a kansu: sauƙin rayuwa, zaman lafiya, gaskiya, zumunci, daidaito da riƙon amanar ƙasa da albarkatunta.

Thomas Sidwell da matarsa Frances, wadda ita ma malama ce, tare suka riƙe makarantar shekaru masu yawa a matsayin mallakarsu, ba ta majalisar ɗarika ba. Da wuri manyan gari suka fara kai 'ya'yansu. Archie, ɗan Shugaba Theodore Roosevelt, ya yi karatu a can, haka ma Charles Lindbergh, wanda daga baya ya tsallake Tekun Atlantika shi kaɗai a jirgin sama. Da tsakiyar birni ta yi matsi, Sidwell ya fara sayen fili a Wisconsin Avenue, da farko don wasanni, har yara suna hawa taragon lantarki tsakanin wuraren biyu. Ya rasu a 1936, makarantar ta koma hannun kwamitin amintattu, kuma zuwa 1938 an kammala ƙaura.

Duk wannan lokaci, babu baƙin yaro ko ɗaya a cikinta.

Wannan shi ne babin da ya fi kowanne nauyi a tarihin Sidwell. Washington birni ne mai ɗimbin baƙar fata, mai Jami'ar Howard, mai likitoci da lauyoyi da malamai baƙaƙe da ba za su gaza biyan kuɗin makaranta ba. Amma makarantar da ke koyar da cewa hasken Ubangiji yana cikin kowa ta shafe shekara saba'in da uku tana bin al'adar gari. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hangi na wani. Ba za a ce zamani ne ya ɗaure mata hannu ba, domin a 1945 wasu iyalai sun kafa Georgetown Day School a birnin guda, suka haɗa farare da baƙaƙe a aji ɗaya tun ranar farko. A 1954 Kotun Ƙolin Amurka ta soke wariyar launin fata a makarantun gwamnati, da hukuncin Brown ga jihohi da na Bolling ga Washington kanta. Sai a 1956 Sidwell ta buɗe ƙofa, ita ma a hankali: aka fara daga ƙaramin aji, ana hawa aji ɗaya kowace shekara. Ba ta yaye baƙin ɗalibi ba sai 1967. A ganina tsoron kada iyaye masu biya su kwashe 'ya'yansu ne ya rinjayi aƙida, kuma makarantar kuɗi ko'ina take a duniya tana iya faɗawa wannan rami.

Bayan haka abubuwa sun tafi da sauri. A 1963 aka mayar da sashen firamare zuwa Bethesda a jihar Maryland. A farkon shekarun 1980 aka fara koyar da harshen Sin da tarihinta, don tunawa da wani tsohon ɗalibi, John Zeidman, da ya rasu sanadin cutar da ta kama shi yana karatu a Sin. A lokacin makarantun sakandaren Amurka kaɗan ne ke yin haka. Ginin ƙaramar sakandarenta kuwa ya sami shaidar LEED mafi daraja, ta gine-gine masu kiyaye muhalli, a 2007; cikin dalilan har da cewa yana tace ruwan da aka yi amfani da shi ta cikin wata fadama da aka ƙera a harabar, a sake amfani da shi.

Sunan da duniya ta san ta da shi, siyasa ce ta kawo shi. 'Ya'yan Richard Nixon mata, kafin ya zama shugaban ƙasa, sun zauna a azuzuwanta. Chelsea, 'yar Shugaba Clinton, ta shiga a 1993 ta gama a 1997. Malia da Sasha Obama sun fara a Janairun 2009, kwanaki kafin a rantsar da mahaifinsu, suka tarar da jikokin Joe Biden a can. Malia ta gama a 2016, Sasha a 2019. Ganin 'ya'yan baƙar fatan shugaban ƙasa a makarantar da ba za ta karɓi kakanninsu ba, ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai shingen launi da ya faɗi, na aljihu ya tsaya a gurbinsa. Kuɗin ɗalibi guda a shekara ya haura dala 50,000, abin da ya zarce albashin shekara na ma'aikata da yawa a Amurka. Makarantar tana rage wa wani kaso na ɗalibai kuɗi gwargwadon ƙarfin iyayensu, tana kuma tura manyan ɗalibai aikin taimakon al'umma kafin a yaye su. Duk da haka da wuya a haɗa kalmar sauƙin rayuwa da irin wannan rasit ba tare da an ɗan yi tari ba. Clinton da Obama duk sun sha suka: suna yabon makarantun gwamnati a kan mumbari, suna kai nasu 'ya'yan ta kuɗi. Masu kare su sun kawo hujjar tsaro da sirrin yaran, hujjar kuma tana da ƙarfi. Jimmy Carter dai, da ya hau mulki a 1977, makarantar gwamnati ta Stevens ya sa 'yarsa Amy, a unguwar da ba ta da nisa da fadar, kuma tun daga kansa babu shugaban Amurka mai ci da ya sake yin haka.