Kuntigi da Kiɗan Tsirkiya a Jos

Kuntigi ɗan ƙaramin abin kiɗa ne mai tsirkiya ɗaya tilo. Yawanci gwangwanin kifi ake samu a rufe bakinsa da fatar akuya, a soka masa siririyar sanda, sannan a ɗaura tsirkiyar. Danginsa a ƙasar Hausa suna da yawa. Akwai goge da ƙanwarsa kukuma, waɗanda ake gogawa da izgar doki, akwai kuma garaya da gurmi da molo, waɗanda ake kaɗawa. Da can kowanne da mutanensa. Garaya ta mafarauta ce da 'yan bori. Goge kuwa ya daɗe yana shan suka daga malamai, domin ana danganta shi da bori da zaman bariki. Kuntigi ne ƙaramin cikinsu kuma mafi arha, amma a Jos babu wanda ya kai shi suna, kuma mutum ɗaya ne sanadi.

Garin Jos haƙar kuza ce ta raya shi. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka buɗe ramuka a Jos da Bukuru da kewaye, a ƙasar Birom da Anaguta da Afizere, kuma jirgin ƙasa ya iso daga Zariya wajen 1914. Leburori da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa daga Kano da Katsina da Bauci da Borno, makaɗa kuma suka biyo su, domin inda ake biyan albashi nan ake samun kari. Mutanen tsaunukan Jos suna da nasu kayan kiɗan tun kafin wannan, har da wani molo da ake yi da siraran karare a jere, wanda suna kawai ya haɗa shi da molon Hausa. Abin lura shi ne masu sauraron makaɗin Hausa a Jos ba fadawa ba ne. Lebura ne da direba da mai tireda.

A cikin wannan jama'a aka haifi Adamu Wayya a Bukuru a 1946. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne. Iyayensa duka biyu sun rasu yana jariri, sarkin ya riƙe shi, daga nan aka laƙaba masa Ɗan Maraya. A wata tafiya da ya yi Maiduguri ya ga masu kuntigi, abin ya shiga ransa, ya dawo gida ya kama shi gadan-gadan.

Abin da ya yi da kuntigin shi ne tarihin. Makaɗin Hausa na gargajiya yana tafe ne da 'yan amshi da makaɗa da sanƙira, kamar yadda Mamman Shata yake da kalangai a bayansa. Ɗan Maraya shi kaɗai yake zama. Kowace waƙa tana da nata take, gajeren salo mai sauri wanda kuntigin yake maimaitawa. In ya ɗauko baiti sai tsirkiyar ta bi muryarsa hawa da sauka, in ya yi shiru sai ta koma kan taken, ta yi aikin da 'yan amshi suke yi. Wanda bai san haka ba zai ce kiɗan nanata abu ɗaya ne kawai. Kuskure ne. Gwanintar tana wurin wannan shiga da fita tsakanin murya da tsirkiya, ga shi kuma da tsirkiya ɗaya babu inda makaɗi zai ɓoye tuntuɓe.

Ya yi wa manya waƙa kamar kowane maroƙi, ya kuma yi wa sojojin tarayya a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Amma waƙoƙin da suka zauna a bakin mutane na talaka ne. “Waƙar Karen Mota”, wadda ta fara fito da shi, yabo ce ga yaran mota masu canja taya da tura motar da ta mutu a hanya, mutanen da ba a saba jin an wasa su ba. “Jawabin Aure” nasiha ce ga ma'aurata kan illar saki. “Auren Dole” suka ce ga iyayen da ke aurar da 'ya ba da son ranta ba. A “Gulma Wuya” ya nuna yadda magulmata da boka suke haɗa kai su raba mata da miji, kuma shi kaɗai yake sauya murya ya fito da kowane ɗan wasa, har mai sauraro ya ɗauka mutane da yawa ne a wurin. Ɗalibi zai fi cin riba in ya fara da ta karen mota don ya kama take, ya bar “Gulma Wuya” sai kunnensa ya nuna. Daga nan ya saurari gurmin Haruna Uji da kukumar Hassan Wayam, ya ji bambancin kaɗawa da gogawa.

Mai koyon gogen Turawa yana da littattafan da aka rubuta sautin kiɗa a ciki, na Bach da Mozart da sauransu. Kiɗan tsirkiya na Hausa da kunne ake ɗaukarsa, a gaban maigida. Masana sun yi rubutu a kansa, irin su David Ames da Anthony King da suka fitar da ƙamus na kiɗan Hausa a 1971, da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, sai dai bayani ba ya koya wa yatsa kiɗa. Taskar kuntigi ta gaskiya ita ce faifan garmaho da kaset da abin da gidajen rediyo, musamman Rediyon Kaduna, suka naɗa.

Ɗan Maraya ya samu lambar girma ta ƙasa da digirin girmamawa na Jami'ar Jos, ya kuma kai kuntigi ƙasashen waje. Ya rasu a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015. A lokacin, fiyanon situdiyo ya riga ya mamaye waƙar Hausa, matasa masu riƙe kuntigi kuma sun yi ƙaranci. Ya kamata jami'ar da gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, su tattara faya-fayansa wuri ɗaya, da shekarar kowanne, inda ɗalibi zai je ya saurara.