Wa Ya Shiga Ya Ƙirgo?

'Yar uwa, in kin ji ana cewa Nijeriya tana da gangar ɗanyen mai biliyan 37 kwance a ƙasa, ki tambaya: wa ya shiga ya ƙirgo? Ba fa tafki ba ne a can ƙasan. Man a cikin dutse yake, kamar man gyaɗa a tunkuza. Ke da kika taɓa matsa kin san hannu ya fi hannu, kuma komai ƙarfinki sai wani ya maƙale a ƙuli-ƙuli. To haka rijiyar mai take, galibi wajen kashi ɗaya cikin uku ake iya tatsowa.

A 1956, shekarar da aka tono mai a Oloibiri, wani masani Ba'amurke, King Hubbert, ya ce man ƙasarsu zai kai ƙololuwa wajen 1970, daga nan sai ja da baya. Haka kuwa aka yi: ganga miliyan 9.6 a rana a 1970, abu ya yi ta raguwa har miliyan 5 a 2008. Sai aka ƙware wajen farfasa dutse da ƙarfin ruwa, a 2018 suka zarce na 1970. Bawan Allah bai yi ƙarya ba, sabon salon matsa ne bai hango ba.

Wannan ajizanci ne, ni na yi masa uzuri. Na son rai shi ke ba ni haushi. A shekarun 1980 ƙungiyar OPEC ta fara yanka wa kowace ƙasa kason da za ta haƙo, ana duba yawan ajiyar da ta ce tana da shi. Kwatsam sai Kuwaiti ta tashi daga biliyan sittin da 'yan kai ta koma casa'in, Saudiyya daga 170 ta haura 250, ba tare da an ji labarin wani gagarumin sabon fili ba. Wasu dai sun ce tsohon lissafin ne ya yi kaɗan. Oho!

A Janairun 2004 kuma kamfanin Shell ya zabge ganga biliyan 3.9 daga abin da ya ce ya tabbatar, kashi ɗaya cikin biyar ke nan, kuma da yawansa na rijiyoyin Nijeriya ne. Shugabansa Philip Watts ya rasa kujerarsa.

Shi ya sa da Shugaba Buhari ya je Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, a Nuwamban 2022 aka ce akwai sama da ganga biliyan ɗaya, na ce Allah ya sa albarka, amma ban yi guɗa ba tukuna.